Lambobin Wuta Masu Wutsiyar Sifili

Ranar da aka ce na cakuɗa takardun wuta ba ta taɓa fita daga raina ba. Ni ban yi boko ba. Rifkatu akawunmu ce take rubuta mini wannan, don ku sababbin ma'aikata ku ji.

Ofishinmu na Unguwar Sarki yana kula da gidajen haya. Mijina Malam Sule, Allah Ya jiƙansa, shi ne masinja. Da ya rasu, Manaja ya ce in riƙe shara da aike a madadinsa. Jakarsa nake ratayawa har yau. Wani lokaci in na buɗe ta sai hawaye ya zo mini, in share in kama hanya.

Akwai wani babban gida a Badarawa, kowane ɗaki da mitarsa, ofis ke saya wa 'yan hayar wuta a farkon wata. In an saya, sai lamba ta shigo waya, ƙwaya ashirin, kuma ba ta aiki sai a mitar da aka saya wa. Da can Rifkatu da hannu take kwafewa. A watan nan sai ta zuba lambobin a shafin kwamfuta mai gida-gida, ta buga, ta yanka wa kowa tasa. Ni kuma na jera su yadda ƙofofin suke, daga zaure zuwa bakin rijiya, na raba da safe.

Kafin azahar waya ta ɗauki ƙara. Kowa mitarsa ta ƙi karɓa. Maman Godiya mai sayar da ƙanƙara ta ce in kayanta suka narke, a ofis za ta zo ta juye ruwan.

Manaja ya kira ni. "Iya, kin cakuɗa takardun nan."

"Yallaɓai, ban cakuɗa ba."

"Ta yaya za ki sani, tunda ba karantawa kike ba? Aiken nan dai sai mun nemi mai karatu."

Na koma wajen tsintsiyoyina na zauna ina kuka. Aikin nan shi Malam ya bar mini, da shi nake ciyar da gida.

Rifkatu ta same ni. "Mama, kukan ya isa. Tashi mu je mu gani da idonmu."

Muka hau keke zuwa Badarawa. Ta bi ɗaki-ɗaki, ta tarar kowa takardarsa ce a hannunsa. Sai ta karɓe su ta jera a kan firijin Maman Godiya, tana bin su da kallo. Can ta dafa kai.

"Wayyo! Duk da sifili biyar suka ƙare."

Ta duba waya, ta ga lambobin asali ba haka suke ba. Ta yi mini bayani cewa kwamfuta ta ɗauka lissafi aka ba ta, ita kuwa ƙwaya goma sha biyar kawai take riƙewa, sauran ta mayar da su sifili ba tare da ta faɗa wa kowa ba. Abin da ta yanke kuma ba ya dawowa, sai an koma wayar. Nan take Rifkatu ta riƙa karantowa daga waya, masu ɗaki suna dannawa. Firiji ya tashi, Maman Godiya ta rangaɗa guɗa, ta ce an fasa kai ruwa ofis.

Da muka koma, Rifkatu ta shiga wajen Manaja kai tsaye. "Yallaɓai, ni da kwamfuta ne, Mama ba ruwanta." Ta nuna masa gyaran: kafin a zuba doguwar lamba, sai a fara gaya wa gidajen shafin cewa rubutu ne za a sa, ba lissafi ba. Ta gwada a gabansa, ƙwaya ashirin suka zauna cif.

Manaja ya fito da kansa har inda nake. "Iya, ki yafe ni, na yi gaggawa." Na ce ba komai, Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

Ina nan ina aikina, alhamdu lillahi. Abin da na koya shi ne, in abu ya lalace a ofis, wanda ba ya iya kare kansa ake fara kira, sai in an yi dace da mai tashi ya je ya duba. Ku da kuke zama gaban kwamfuta, in lamba ta ƙi aiki, ku fara duba wutsiyarta kafin ku aika a kira ɗan aike.