Ranar da Aka Shanya Jitar Babakura

Duk wanda ya saba shiga layin masu bandar kifi a kasuwar Nguru ya san Babakura, dogon dattijon nan mai tsagen Barebari wanda bai yarda da kowa ba. In ka gaishe shi da fara'ar da ta wuce kima, sai ya shafa aljihu. In ka tambayi lafiyar iyali zai amsa maka da daɗi. Amma in bakinka ya kuɓuce ka ce yaya jita, to daga ranar ka shiga sahun waɗanda yake sa wa ido.

Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya fara taɓa jita, a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa, zamanin da jirgi ke shigowa Nguru ya sauke kaya ya juya. Ubansa lebura ne a tasha. Jita uku ya kashe kafin ya san abin da yake nema. Ta farko zafin bazara ya lanƙwasa mata wuya. Ta biyu tsirkiyarta ta yi nisa da katako, kullum yatsunsa a tsage. Ta uku kuwa ko an ɗaure ta yanzu, kafin a gama waƙa ɗaya ta sauka. Sai wani direban jirgi, mutumin kudu, da aka mayar da shi garinsu, ya yarda ya bar masa tasa. Keken Babakura da rediyonsa suka tafi a kanta, bikinsa da Mairam ma sai da aka ɗaga shi shekara guda.

Jita ce ta gaske. Bayanta jan katako mai duhu, fuskarta ruwan zuma. In ya ɗaure ta da safe, har la'asar tana nan inda ya bar ta. Yakan ce, "Jitar banza kai kake mata bauta. Ta kirki ita ke ɗauke maka rabin aiki. Sai dai ba ta rufa asiri, in ka yi kuskure kowa sai ya ji." Da ita ya yi wasa a bikin malaman makaranta da na ma'aikatan tasha, daga Nguru har Gashua, shekara arba'in. In bazara ta kama, akwatinta a gindin randa yake kwana, da ɗan jiƙaƙƙen tsumma a gefe don kada katakon ya bushe ya tsage. Rana kuwa ba ta taɓa ganin fuskarta ba.

Shekara biyun nan na baya aka daina jin ta. Ko bayan la'asar da ya saba zama a tsakar gida yana kaɗawa, shiru. Wanda ya tambaya, sai ya ce tsirkiyar kirki ce ta ɓace a kasuwa, shi kuma ba zai ɗora wa jitarsa wayar birkin keke ba.

A daminar bara 'yarsa Madina ta shirya masa aikin yanar ido a Kano, za a yi mako biyu ko fiye. Nan hankalinsa ya tashi, ba don wuƙar likita ba. Ƙanin Mairam, Malam Nuraini, malamin islamiyya, ya sha ce masa, "Yaya, shekaru sun ja, da an jingine abin nan." Ana saura kwana uku tafiya ya shigo gida ya tarar da Nuraini da Mairam suna magana ƙasa-ƙasa, suna ganinsa suka yi shiru. Shi ke nan. Babakura ya haɗa wannan shirun da bikin da aka ɗaga shekara arba'in da suka wuce, ya yanke cewa matar nan tun ran nan take jiran rana irin wannan ta raba shi da jitar.

Washegari da hantsi ya rungumi akwatin ya shiga motar Gashua. Kujera biyu ya kama, ɗaya tasa ɗaya tata. Da suka tsaya a Jajimaji wani fasinja ya ce, "Baba, mene ne a ciki?" Ya ce, "Kaya."

Wurin Hamajoɗa ya nufa, Bafillace mai kiɗan garaya a bukukuwan makiyaya, abokinsa tun suna samari. Ya same shi a ƙofar gida. An yi ruwa da asuba, don haka garayarsa na shimfiɗe kan tabarma a rana, fatarta na shan zafi don ta ɗaure, yadda kowane mai garaya yake yi da damina. Babakura ya tsallake ta ya shiga inuwa.

"A'a, bawana!" in ji Hamajoɗa, don tsakanin Fulani da Barebari wasa ne tun kaka da kakanni. "Yau kuma me ka sato?"

"Ubangidanka ne ya kawo maka ajiya. Tashi ka wanke hannu, warin nono kake."

"Kai kuma warin kifi. Wai amaryar ce da kanta? Wadda ko kallonta ba a yi sai da alwala?" Hamajoɗa ya shafa akwatin. "Tsirkiya shida, don a yi abin da nake yi da biyu. Wahalar Babarbare ba ta ƙarewa."

Babakura ya zauna ya jero masa sharuɗɗa. Kada a ara wa kowa. Kada jikoki su kusance ta. Kada Mairam ta san inda take, balle Nuraini. In wani ya zo ya ce shi ya aiko shi, ƙarya ne. Ya maimaita har sau uku, ya sha furar da aka kawo masa, ya tashi.

Kwana goma sha takwas ya yi a Kano. Ko gida bai kwana ba ya wuce Gashua, da baƙin tabarau a ido. Hamajoɗa bai tare shi da wasan bawana ba, kuma tun daga nan ya san ba lafiya. Aka fito da akwatin aka buɗe. Jakin, wato ɗan katakon da tsirkiya ke hawa a kai, ya ɓanɓare ya ɗaga gefe guda. Tsirkiyoyin sun saki. Wata siririyar tsaga ta bi fuskar jitar kamar gashi.

"Kwana uku ana ruwa," in ji Hamajoɗa, yana kallon ƙasa. "Na buɗe in duba lafiyarta, na taɓa, na ji muryar ta yi sanyi. Na ce ajiyar mutum ba za ta lalace a hannuna ba. Da rana ta fito na shanya ta tare da tawa. Wajen azahar na ji ƙas."

"Fata ka gani a jikinta?"

"Ina na sani? Ni duk abin kiɗa rana na san yana so."

Babakura ya rufe akwatin ya ɗauka. Abokin wasa ba a kai shi ƙara, ba a kuma yin fushi da shi a gaban mutane, shi ya sa abin ya fi cin rai. A mota ya yi ta juya zancen. Wa ya ce ya buɗe? Mutumin da ya shekara arba'in yana kiɗa a gefen kasuwar shanu, alhali shi ana kiransa gaban manya a ba shi kujera, ashe abin na cinsa. Wannan tsirkiya shida da biyu da yake ta faɗa, ashe ba duka ne wasa ba. Ko kuwa Nuraini ne ya gano wurin ya bi ta bayan fage? Kafin su iso Nguru ya gama shari'a ya kama mutum uku.

A kasuwa labarin ya zama abincinsa. Duk wanda ya tsaya taya kifi sai ya ji yadda hassada ta sa aka gasa jitar da babu irinta a ƙasar nan. "Ni da kiɗa kuma sai a lahira, in ana yi," yake cewa, kuma masu lura sun ga tun da abin ya faru fuskarsa ta saki, har ƙiba ya ɗan yi. Wani kafinta mai gyaran kujeru da akwatunan lasifika ya ce a kawo ya gani, gam ne kawai ya narke. Babakura ya ce hannunsa ya yi kauri. Aka kwatanta masa wani a Kano, ya ce Kanawa musanya za su yi masa.

Wata rana da hantsi, Mairam na tsintar shinkafa a faranti, ya sake ɗauko zancen, har ya gangaro kan ƙus-ƙus ɗinta da ƙaninta.

"Malam," ta ce, ba ta ɗago ba, "zancen idonka muke yi ran nan. Tsoro nake kada a taɓa idon ka makance, ban so ka ji."

"Haka za ki ce."

"Haka zan ce. Ni ma in tambaye ka. In ka fita kasuwa da bazara, wa kake tsammani yake sake jiƙa tsumman nan in ya bushe? Aljanu?"

Ta ci gaba da tsintarta tana magana.

"Hamajoɗa ya kira ni yana kuka, dattijo da shi. Ya ce ranar da ka kai masa, garayarsa na shanye a rana, ka tsallake ta da ƙafarka. Ka hana shi jikoki, ka hana shi ni. Kai da ko labule ba ka yarda a ɗaga in tana waje, ka manta ka ce masa kada ta ga rana?"

"Mantuwa ce."

"To. Wataƙila." Ta zubar da tsakuwar da ta tsince. "Amma maɓallin rigarka na hannun hagu ni nake sa maka shekara biyu ke nan. Ba tsirkiya ce ta ɓace a kasuwa ba, yatsunka ne suka ƙi lanƙwasa. Gara a ce Bafillace ya kashe jita da a ce Babakura ya kasa."

Ya tashi ya ɗauki hularsa ya fita. Ranar bai sayar da kifi ko na miya ba. Ya zauna yana neman ranar nan ta Gashua a cikin kansa, yana so ya tuna ko ya ga garayar a tabarma. Ya gan ta. Har launin tabarmar ya tuna. Abin da ya kasa ganewa shi ne ko bakinsa ne ya manta, ko shi ne ya bar shi ya manta.

Bayan mako guda ya dawo daga sallar la'asar ya tarar da akwatin a tsakar gida, a inuwa, kan tabarmarsa. Ya buɗe. Jakin ya koma mazauninsa, an cike tsagar, tana nan dai ana ganinta, an ɗora sababbin tsirkiyoyi shida.

"Wa ya sa ki?"

"Ba ni ba ce. Bawanka ne ya zo tun daga Gashua ya kai wa kafintan, ya tsaya a kansa kwana biyu. Ya ce in gaya maka bai iya haɗa ido da kai ba tukuna."

Babakura ya shafa tsagar da yatsa. Sannan ya ce ta tura ƙofar gida. Ta tura, ta koma kan murhu ta ba shi baya. Ya zauna ya ɗora jitar a cinya, ya ɗaure ta a hankali. Yatsa biyu ne suka yarda suka sauka inda ya aike su, na ukun ya faɗa gefe, jitar kuwa ta faɗi kuskuren da ƙarfi, tas, har bayan katanga.

"Kafintan nan ya ɓata mata murya," ya ce.

"To," in ji Mairam, tana gyara itace.

Ya murza yatsun a gwiwarsa, ya sake ɗora su.