Duwatsu Uku da Yaya Bulus Ya Mayar Cikin Ruwa

Shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar yayana Bulus, kuma har yau zuciyata ba ta kwanta ba kan inda na binne shi.

Mu 'yan Numan ne, mahaifinmu masunci. A ƙarshen shekarun tamanin na bi Yaya zuwa New York, yana jan tasi, ina aikin jinya, muna haya a Highbridge. Wata Asabar cikin watan Yuni ya kwashe mu, ni da matarsa da 'ya'yansa mata biyu, zuwa wani ƙaramin kogi a arewacin birni. Wai ya gaji da girkin gas, shinkafar itace yake marmari. Ya naɗe wando ya shiga ruwa, ya tarar da duwatsu an tara su wuri guda, ya ɗauko uku don murhu, yana ta yabon tsarin Turawa.

Sai wata tsohuwa mai kamun kifi ta daka masa tsawa. Ashe gidan wani ya rushe. Ta nuna mana mai gidan: wani kifi dogo kamar maciji, bakinsa zagaye irin na matsattsaku. Lamfire suke ce masa. Daga teku yake shigowa kogi, ya daina ci, ya yi ta jan duwatsu da baki yana gyara wurin ƙwai, in ya gama ya mutu. Yaya, ɗan masunci guda, kunya ta rufe shi. Ya mayar da duwatsun, muka ci burodi.

Tun daga nan duk shekara sai ya koma, ya tsuguna a bakin ruwa yana kallo. Tsohuwar ce ta gaya masa kifin ba ya neman kogin da aka haife shi, duk inda ya ji ƙanshin ƙananan jinsinsa nan yake shiga. Yaya ya juyo ya ce, "Rahila, kin ji? Inda yara suke." Bai sake tayar da zancen ba.

Da ciwon zuciya ya ɗauke shi, Inna, mahaifiyarmu, ta aiko da kaset daga gida tana kuka, a kawo mata ɗanta ya kwanta kusa da ubansa. Matarsa ta bar mini shawara. Na riƙe waccan magana guda, na binne shi a nan New York. Inna ta ƙara shekara huɗu a duniya, ba ta taɓa zargina ba, amma ba ta sake aiko mini da kaset ba.

Da yana nan yau, da ya sha dariya ya ga 'ya'yansa, masu amsa Hausa da Turanci, suna kai nasu yaran kogin nan suna hana su taɓa dutse. Wannan ne ya bari, kuma ba kaɗan ba ne. Amma ina kewarsa, kewa mai nauyi, kuma da za a ara mini shi na minti ɗaya, ko gaisuwa ba zan tsaya yi ba. Zan ce, Yaya, wasiyya ka bar mini ranar nan, ko hirar kifi kawai kake yi?