Ranar da Ɗalibina Ya Yi Jifa a Gaban Mutanen Madawa

Shekarun baya, lokacin da nake koyar da wasanni a wani kolej a Madawa, na jefa kaina cikin tashin hankali a kan wasan da rabin garin ba su ma san sunansa ba. Besbol ake ce masa. Wani baƙo ɗan Japan ne ya kawo mana shi. Ya zauna da mu na ɗan lokaci, da zai tafi ya bar mani buhu biyu na kaya: sandunan bugu, safar hannu ta fata, da ƙwallaye farare masu tauri kamar goruba. Wasan ba wuya. Ɗaya ya jefo ƙwallo, wani ya buga da sanda, ya ruga ya zagaye tashoshi huɗu kafin a dawo da ita. A bayan mai bugu akwai mai cafewa, a durƙushe, da ƙarfe a fuska.

Cikin ɗalibaina akwai wani Bafulatani daga wajen Bangi, dogo, marar yawan magana, ya kai shekara sha bakwai. Ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. In ya jefo ƙwallo sai dai ka ji ƙararta cikin safar mai cafewa. Da shi nake taƙama lokacin da muka shirya da abokina, mai koyarwa a Buza, cewa yaransa za su zo mu kara.

Saura mako biyu, sai shanu suka shiga gonar dawa a wajen Bangi. Aka yi faɗa, aka ji wa manomin rauni a kai, har aka kwantar da shi asibiti. Ba shanun gidan ɗalibina ba ne, amma a kwanakin nan ba wanda ke tsayawa tambayar na wane ne. Abin da ya ƙara dagula mani lissafi, mai cafe ƙwallon ƙungiyarmu ɗan ƙanen manomin nan ne. Kwana uku suna atisaye, ɗaya na jifa ɗaya na cafewa, ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa uffan.

Diraktan makarantarmu ya kira ni ofis, ya fara da "Mushe", yadda ake kiran malamin boko a wajenmu. "Mushe, ka aje yaron nan mai jifa wannan karon. Fili a buɗe shike, kowa na iya zuwa. In wani abu ya faru, wa za a tambaya?"

Na ce zan duba. Mahaifiyata ma da ta ji, cewa ta yi, "Kai da ko kaza ba ka iya rabawa in suna faɗa, kai za ka tare mutanen gari?" Gaskiyarta kuwa.

Na yanke shawara zan gaya wa yaron ya haƙura. Na same shi bayan an tashi, yana ɗaure igiyar safarsa da ta tsinke. Maimakon in gaya masa, sai na ji kaina ina ba shi labarin da baƙon nan ya taɓa ba mu, na baƙar fata na farko da aka bari ya shiga babbar gasar besbol ta Amurka bayan an daɗe ana hana su. Na gaya masa yadda aka sa mutumin ya yi alkawarin ba zai rama ba, yadda aka zage shi a filaye, aka aika masa takardun barazana, wasu masu jifa suna auna jikinsa da gangan, shi kuwa ya ci gaba da wasansa. Na ce yau an jingine lambar rigarsa a dukan ƙungiyoyin gasar, ba a ba kowa ita, sai rana ɗaya a shekara da kowa ke sa ta don tunawa da shi.

Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Mushe, wancan babban mutum ne. Ni jifa kawai nike so in yi. Za ka sa ni, ko ba za ka sa ni ba?"

Na ce zan sa shi. Ina fita daga wurin na fara da-na-sani.

Ranar kasuwa mahaifinsa ya zo har ƙofar makaranta. Bayan doguwar gaisuwa ya dube ni ya ce, "Malam, in na bar maka shi, za ka maido mani shi yadda na ba ka?"

Na ce, "In Allah ya yarda, Baffa."

"Na san Allah shina yarda da alheri. Kai nike tambaya."

Ya jinjina kai, ya yi mani sallama ya tafi.

Ranar wasa da hantsi motar 'yan Buza ta iso. Na yi fatan mutane ba za su zo ba, tunda ba wanda ya gane wasan, amma filin ya cika: 'yan kabu-kabu a kan baburansu, mata masu sayar da ruwan sanyi, da wasu samari daga ƙauyen manomin da suka tsaya gungu guda ba sa dariya. Can nesa kusa da wata bishiyar bedi na hango mahaifin yaron shi kaɗai.

Da farko abin ya tafi lafiya. Ɗalibina ya fitar da 'yan Buza uku a jere, ba wanda sandarsa ta taɓa ƙwallo. Wasu suka fara tafi. Daga gungun samarin nan kuma aka fara jefo maganganu, a kan shanu, a kan daji, har da wadda ba zan iya rubutawa ba. Bai waiwaya ba, amma na ga yana yawan goge tafin hannunsa a wando.

A zagaye na huɗu ƙwallon ta kuɓuce masa. Ta tafi kai tsaye ta sami ɗan Buza mai bugu a haƙarƙari. Yaron ya saki sanda ya zube.

"Da gangan ne! Mun gani!" wani ya yi ihu. Samarin suka tsallako layin da muka ja da toka. Ni da ya kamata in ruga, sai na tsaya inda nake. Usur na bakina, amma na manta yadda ake hura shi.

Mai cafewa ne ya riga kowa. Ya cire ƙarfen fuskarsa ya yar, ya je ya tsaya gaban mai jifa, ya fuskanci 'yan ƙauyensu. "Ku koma! Mi kuka sani cikin wasan ga? Ni na ce ya jefo ta kusa da jikin mai bugu, hannunshi ya zame. Haka na faruwa kullum!"

Wani daga cikinsu ya ce, "Kai, baffanka na kwance, kana tare mashi?"

"Shi ya buge baffana? Ku ce mani, shi ne?"

Ana cikin haka abokina ya ɗaga yaron da ya faɗi. Ya dafe gefensa, ya yamutsa fuska, ya tambayi abokina da ƙarfi, "Mushe, ai in an buge mutum tasha ta farko kyauta ce, ko?" Abokina ya ce haka ne. Yaron ya ɗingisa zuwa tashar yana ɗaga hannu kamar wanda ya ci kofi. Mata suka fashe da dariya, 'yan kabu-kabu suka danna oda, samarin suka ja da baya ɗaya bayan ɗaya.

Sai a lokacin na motsa. Na je wurin ɗalibina na ce ya fita ya huta. Ya ce, "In na fita yanzu, za su ce da gangan ne." Na bar shi. Bai sake jifa mai kyau ba ranar, tsoron taɓa wani ya sa yana kai ta nesa. 'Yan Buza suka cinye mu ba tausayi. Ban taɓa jin daɗin shan kashi irin na ranar ba.

Na daɗe ina tunanin abin. Na ba yaro labarin jarumi don in rufe tsoron kaina, na ɗora masa kayan da ni babba na kasa ɗauka. Da abin ya zo, wanda ya tsaya yaro ne kamarsa, mai dalilin yin fushi fiye da kowa a filin. Tun daga nan ba na saurin ba ɗalibai labarin manyan mutane sai na tambayi kaina ko zan iya tsayawa kusa da su in rana ta ɓaci.

Bara na haɗu da ɗalibin nawa a kasuwar dabbobi, ya zama magidanci, yana aikin allurar shanu. Muka tuna ranar. Na ce har yau ina mamakin yadda mahaifinsa ya tsaya bai motsa ba. Ya yi murmushi.

"Mushe, ba ka lura ba? Kafin ya shigo fili ya bar sandarshi wurin mai shayi. Tunda na tashi ban taɓa ganin shi ya fita ba ita ba. Ya ce in ta na hannunshi, bai san abin da za shi yi ba."