Ƙafar Wandon Baba Tela

Shekara arba'in Baba Tela ya yi yana taka keken ɗinki a shago ɗaya, ƙarƙashin bene, tsakanin mai aski da mai gyaran agogo. Mutum ne mai ji da kansa, kuma ya isa: kallo ɗaya zai yi maka ya faɗi awon kafaɗarka. Ana nan sai ƙashin ƙugunsa na hagu ya cinye. Tun yana cijewa har taka keken ya gagara, shago ya yi wata biyar a rufe. Wannan ya fi ciwon ƙona masa rai.

Likita ta ce za a sauya masa mahaɗar ƙugun, kuma wata na'ura mai hannu ce za ta taya ta aikin. 'Yarsa ta zaro ido.

"Inji zai yanka Baba? Wallahi ban yarda ba!"

"Ke, saurara," in ji shi. "Likita, ita ke yankan ko ke?"

"Ni ke riƙe da ita, Baba. Mun ɗauki hoton ƙashin, mun auna, na shata inda za a yanka. In hannuna ya nemi wuce layin, sai ta cije."

"Au, ashe alli kuke fara sawa kafin almakashi! To ai sana'armu ɗaya. Ina zan sa hannu?"

Aka yi aiki lafiya. Kashegari ya miƙe da sandar dogarawa, yana yi wa ma'aikatan jinya tsiyar ɗinkin rigunansu. Ranar sallama 'yarsa ta kawo masa wando daga gida. Yana sawa ya miƙe, sai ga ƙafar wandon ta hagu ta ɗage, idon sawu a waje.

"Baba, wane tela ne ya yi maka wannan aika-aika?"

Idon tsoho ya kawo ruwa. Ashe ciwon ya daɗe da gajarta masa ƙafar. Shekara takwas yana rage tsawon ƙafar hagu a kowane wandonsa, don kada a gane, a ce masa ya huta haka nan. Ko matarsa ba ta sani ba.

Ya share ido, ya dubi ƙafafunsa, ga su daidai.

"Ki sa a share min shago," in ji shi. "Wando goma sha ɗaya ke jiran in warware musu kalmasa, kuma ba wanda zai taɓa su sai ni."