Neman Uwar Maƙerar Baba Sale a Riyad

Manfuha

Ana sallame Asuba na fito daga ɗakinmu da ke unguwar Manfuha, ko shayi ban tsaya sha ba. Baba Sale, ƙanen mahaifina, shi ya kira ni. Maƙeri ne da ya zo Riyad da ƙuruciyarsa, ya fara da ƙera wuƙaƙe, yau gidansa ke da shagon haɗa ƙofofin ƙarfe. Babban ɗansa Nasiru ya sayo sababbin injuna, ya sa aka kwashe tsofaffin ƙarafa zuwa filin 'yan narkarwa. Ashe har da uwar maƙerar kakanmu, wadda Baba ya taho da ita daga gida. Da azahar za a loda su.

Al-Naseem

Na hau jirgin ƙasa, na ƙarasa unguwar su Baba da tasi. Na tarar da Baba a ƙofar gida, ya sha babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Nasiru ya ja mu a motarsa, fuska ba walwala. A hanya ya ce da Hausarsa mai ƙamshin Larabci:

"Wallahi Baba, ƙarfe ne kawai. Na karanta labarin wani maƙerin Rasha. Da ƙera bindigogi ya fara, sarki ya ba shi wuraren haƙar tama, jikokinsa suka zama attajirai. Ai ba uwar maƙera suka tsaya runguma ba."

"A littafin an ce sun jefar da ita?" in ji Baba.

Nasiru ya ƙara wa motar wuta.

Filin ƙarafa

Can kudancin gari yake, mun isa rana ta ɗaga. Ba mu sha wahalar neman uwar maƙerar ba. Mai gadin, wani Basudane, a kanta muka same shi zaune yana shan shayi. Mu kuwa a gidanmu ba a zama a kan uwar maƙera. Baba ya roƙe shi cikin ladabi, ya tashi.

Tsohon ya duƙa zai ɗaga ta, ko motsi ba ta yi ba. Tausayinsa ya kama ni, amma na maƙale hannuna, domin a al'adarmu magaji ne ke ɗaukarta. Nasiru ya dubi farar jallabiyarsa, ya dubi ubansa yana haki. Sai ya durƙusa ya rungume ta, tsatsa ta ɓata masa ƙirji.

"Baba, ina zan ajiye ta?"

"Inda za ka riƙa ganinta."

Komawa

Kafin la'asar na isa Manfuha lafiya, alhamdu lillahi. Ina kuma gode wa Basudanen nan, wanda ya ƙi karɓar komai a hannunmu, ya ƙarasa shayinsa a tsaye.