Ruwa Ya Yi Gyara

A gidanmu, in aka gaishe ka da "Yaya ruwa?" amsa ɗaya ce: "Ya yi gyara." Kakata ta ce a zamaninsu sai da damina ake wannan gaisuwa, don ruwan sama ake nufi, shi kuwa ba a kai ƙararsa. Ko katangarka ya kayar, haka za ka amsa, sannan ka tafi neman magini.

Da aka haƙa kanal, wato babbar magudanar ruwa, noman rani ya kankama tsakanin Kura da Bunkure, sai gaisuwar ta biyo mutane har cikin rani. Amma wannan ruwan mutum ke buɗe shi, mutum ke rufewa. In aka tambaye ka, so ake a ji ko ya iso gonarka. Sai ka ji an ce, "Yau kwana huɗu rabonmu da shi." Kowa ya koyi sabuwar amsa, ban da mahaifina.

Gonarsa ita ce ta ƙarshe a layin magudanarmu, sai kowa ya sha ya ƙoshi sannan ta samu. Wata shekara ciyawa ta cushe magudanar, ga tumatirinsa ya fara fure. Noman da ya rage masa ke nan, ƙarfi ya tafi, kuma ya rantse ba zai zauna 'ya'ya su ciyar da shi ba. Ni lokacin ina koyarwa a Kura, ranar Asabar nake zuwa taya shi.

Wata Asabar ina tsaye a gonar, shugaban manoman layin ya zo da takarda, yana rubuta waɗanda gonarsu ta bushe don a ƙara musu kwana guda na ruwa.

"Sannu da aiki, Baba. Yaya ruwa a nan?"

"Ya yi gyara, alhamdulillahi."

Mutumin ya dubi ƙasa, duk ta tsattsage. "Baba, tambaya fa nake yi. In rubuta ka?"

"Na ji ka, ɗana. Ya yi gyara."

Na buɗe baki, Baba ya yi mini kallo ɗaya na rufe. Shugaban ya ɗan jira, ya ninke takardarsa ya yi gaba. Ban ga laifinsa ba, mutum goma na jiran sa, kowa da kukansa a baki.

Ni mutum ne mai saurin fushi. Na ce, "Baba, wannan ba godiya ba ce, taurin kai ne." Tunda nake ban taɓa gaya masa magana irin wannan ba, kuma har yau tana ci mini rai. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Bakin da na sha ruwa da shi shekara saba'in, da shi zan kushe shi?"

Ranar Litinin na bi shugaban a ɓoye, amma an riga an raba kwanakin. Ruwan bai iso ba sai bayan kwana tara. Furen ya zube, ganyen ya nannaɗe, ko kwando ɗaya ba mu cire ba.

Da kansa Baba ya je rugar da ke bayan gari ya kira wani Bafulatani, ya ce ya shigo da shanunsa su ci abin da ya saura. Makiyayin dattijo ne, da ya iso gonar da shanun sai ya yi wa Baba gaisuwa irin ta da, har da yaya ruwa. Na kasa kunne. Baba ya motsa leɓe, bai ce komai ba. Da ma ya amsa, da ya fi mini sauƙi.

Muka tsaya har shanun suka kai ƙarshen gonar. Sai Baba ya miƙo mini fartanyarsa, wadda ko mu 'ya'yansa ba ya bari mu taɓa.

"Ungo," ya ce. "In ka ga mai so, ka ba shi."