Gaurakin da Kakana Ya Ba Baƙi

Wata safiyar Asabar ce a ƙarshen daminar 1975. Ina tsaye kan gadon karan da aka ɗaga mini a tsakiyar shinkafar Inna, igiyar gwangwanaye a hannuna, muryata ta dushe saboda korar tsuntsaye jan-baki, sai na hango wata koriyar jif ta gangaro daga hanyar Roni tana tangaɗi cikin taɓo. Ta tsaya a gindin ɗorawa. Baba ya fito daga baya sanye da kakinsa na aiki, wani dogon Bature da matarsa suka biyo shi, kowanne da madubin hangen nesa rataye a wuya. Baba ya ɗaga mini hannu, sannan ya yi mini alama in yi shiru. Tun da shinkafa ta fara nuna ake ce mini in ƙara ihu, ranar ce kaɗai aka ce in rufe baki. Na rufe kuwa, jan-baki suka sauka suka ci rabonsu ina kallo.

Baba ba mazaunin gida ba ne a lokacin. Tun ina goye ya bi fataken goro zuwa kudu, daga nan Allah ya kai shi wani gandun daji na gwamnati cikin kurmi, can wajen iyakar Kamaru, ya zama mai yi wa baƙi jagora. Sau ɗaya yake zuwa a shekara, da garin rogo da manja a galan, a rame, ƙafafunsa duk tabon cizon ƙuda. In ya huta sai mu kewaye shi a tsakar gida ya ba mu labarin itatuwan da sai ka kwanta rigingine kake ganin ƙarshensu, da giwayen da ke wucewa ba a jin motsinsu, da birai masu farin gemu, da aku mai jar wutsiya da ke tashi garke guda. Ya ce mutane na tasowa daga ƙasashe masu nisa, su kwana a tanti sauro ya yi ta shagali da su, don kawai su ga wani tsuntsu su koma. Wasu kuma a kai su ƙauyukan kurmin su kalli rawa da sassaƙa. Mu yara dariya muke yi har da riƙe ciki. Inna ba ta dariya, tana gefe tana tankaɗe, hankalinta na kan ranar komawarsa.

Ya gaji, kuma ba ya ɓoyewa. Ruwan can ba ya ɗaukewa, tufa ba ta bushewa, har buzun sallarsa ya yi fumfuna. Yakan ce, "Na gaji da nuna wa mutane dajin wasu." Shi ya sa a wannan shekarar ya zo da dabara. A fadamarmu akwai gauraki biyu, miji da mata, da ke sheƙa kowace damina cikin doguwar ciyawa, inda ruwa ke kai wa babban mutum ƙugu. Baturen nan malami ne a Kano, sun haɗu da Baba a kurmi, ya ce masa bai taɓa ganin gauraka da 'ya'yanta ba. Lokacin kuɗin mai ya shigo, Kano cike take da Turawa masu aikin hanya da masana'antu, kuma ranar Asabar ba su da abin yi. Lissafin Baba shi ne in waɗannan biyun sun ji daɗi za su gaya wa 'yan uwansu, ya riƙa kai su fadama, da duwatsun Kazaure, da rugar Fulani, da kasuwar Babura, ya ajiye aikin kurmi ya dawo gonarsa. Ni ina da shekara tara, abu ɗaya na fahimta a duk bayanin: in baƙi suka yaba gauraki, Baba ba zai koma ba.

Sai dai fadamar ba ta Baba ba ce, ta kakana ce, mai unguwarmu, wanda kowa ke kira Malam. Shi ya hana a taɓa gaurakin, kamar yadda mahaifinsa ya hana kafin shi. Yaran da ke ɗana wa fakara tarko da masu harbin kurciya da danƙo duk sun san iyakarsu, don an taɓa zane wani a ƙofar zaure saboda jifa ɗaya da bai ma samu ba. Malam yakan ce damina ba ta tabbata sai ya ji kukansu da asuba. Ni yake kira uwargidansa, kullum yana ƙorafin wai ban iya tuwo ba zai yi mini kishiya, ni kuma in ce tsoho mara haƙora ba ya zaɓen tuwo. Da Baba ya durƙusa ya yi masa bayani, ya maimaita masa cewa kallo kawai mutanen nan suke yi, Malam ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya kawo su lafiya, ya tambayi abin da suke ci.

Ni na nuna musu hanya a safiyar nan, don babu wanda ya fi mai tsaron shinkafa sanin inda gauraki ke kiwo. Muka bi kunya-kunya a sunkuye har bayan wani suri, muka kwanta. Can sai ga su sun fito, dogaye, suna taku a hankali da tukkunsu ruwan zinariya, 'ya'ya biyu masu launin ƙasa na biye da su suna tuntuɓe a ciyawa. Matar Baturen ta sa madubi a ido ba ta sauke ba har rana ta take. Tururuwa ta hau ƙafarta, ba ta ko motsa ba. Daga baya ta miƙa mini madubin, na ga jan kumatun uwar kamar in kai hannu in taɓa, tsuntsuwar da nake gani kullum amma ban taɓa gani haka ba. Na waiwaya na ga Baba yana murmushi, irin wanda rabona da gani a fuskarsa na manta.

Da azahar aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, aka kawo dambu da zabi da fura. Matar ba ta daina magana ba, tana yi tana nuna wajen fadama. Malam ya tambayi Baba me take cewa, Baba ya fassara masa da alfahari: ta ce ba ta taɓa ganin abu mai kyan 'ya'yan nan ba, ina ma a ce kullum ta tashi da safe ta gan su. Malam ya gyaɗa kai. A gidanmu kuwa, baƙo ba ya yaba abu ya tafi ya bar shi. Wanda ya yaba zakara da zakara yake tafiya, wanda ya yaba hula a cire a ba shi, na taɓa ganin an naɗe tabarmar da mutum ke zaune a kai an bi shi da ita. Kuma a wurin Malam ba zai yiwu mutum ya ƙona mai tun daga Kano don kallo kawai ba. Abin da ya gani shi ne baƙi masu kara, waɗanda suke so amma tarbiyya ta hana su roƙo.

Baba ya tafi kai su ruga su sha nono, ni kuma na koma gadona. Daga can sama na ga samari huɗu sun naɗe wanduna sun shiga ruwa da kwando. Manyan gaurakin suka tashi suka sauka a gabansu, suna buɗe fukafukai, suna kuka mai kama da busar ƙaho, suna ja da baya don a bi su a bar sheƙar. Na yi ihu iya ƙarfina, na ja igiyar gwangwanaye har ta tsinke. Amma wata guda ke nan ana jin wannan ihun daga wannan gadon, babu wanda ya ko juyo.

Da la'asar unguwa ta taru a gindin ɗorawa don sallama. Malam ya fito da babbar rigarsa, ya sa aka ajiye kwandon a gaban matar, ya buɗe da hannunsa, ga 'ya'yan gaurakin nan biyu a ciki. Ta leƙa, ta ja da baya ta rufe baki, hawaye suka zubo mata. Mutane suka fara murmushi, sun zaci daɗi ne. Sai ta shiga magana da sauri, da ƙarfi, tana girgiza kai, mijinta na riƙe da hannunta. Baba yana tsaye tsakaninsu da Malam.

"Me ta ce?" in ji Malam.

"Malam, ta gode ƙwarai," in ji Baba, idonsa a ƙasa. "Ta ce don Allah a mayar da su wurin uwarsu."

"Sun yi mata kaɗan ne? A kamo manyan."

"A'a, Malam. Ba ta so ne."

Malam ya dubi kwandon, ya dubi jama'ar da ke kallonsa. "Abin da ubana ya hana, ni na hana, yau na ɗauka na ba su," ya ce a hankali. "A gaban mutane za a dawo mini da shi?" Ya juya ya shiga gida, bai tsaya jif ta tashi ba.

Baba ya ɗauki kwandon ya shiga ruwa da kakinsa, amma an tattake sheƙar, iyayen kuma sun koma can ƙetare sun ƙi saukowa. Ya jira har aka kira magariba, ya ji tsoron dila, ya dawo da su gida. Manyan suka yi 'yan kwanaki suna kewaya fadamar suna kira, daga nan suka yi arewa, ba su sake sheƙa a wurinmu ba. Ɗaya daga cikin 'ya'yan an karya masa ƙafa wajen kamu, bai yi mako ba. Ɗayar ni na raine ta da fara da tsaki, ta girma cikin kaji, aka yanke mata gashin fiffike.

Malam ya ce kada a sake kawo masa irin waɗannan baƙi, su ma ba su sake aikowa ba. Baba bai yi musu da kowa ba, don kunyar ɓangare biyun duk a kansa ta sauka. Ana gama yankan shinkafa Inna ta ƙulla masa kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Na raka shi har bakin hanya ina riƙe da gefen rigarsa, ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya ya hau motar Kazaure. Na yi kuka har na gaji, na koma na ɗebo ruwa, don randa ba ta san an yi tafiya ba.

Sai bayan na yi aure, Malam ya rasu, sannan Baba ya dawo gaba ɗaya, ƙudan kurmi ya cinye masa ido. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana nuna wa mutane abin kallo, sai an riƙe masa sanda. Gaurakar tana nan a lokacin, ta tsufa a tsakar gida. Da asuba takan miƙa wuya ta yi kira wajen fadama, shi kuma ya karkata kai daga kan buzunsa, ya jima, sannan ya tambayi duk wanda ke kusa, "An amsa mata?"

Kwanan baya jikata ta nuna mini a waya cewa kurmin nan ya zama babban gandun daji na ƙasa, ga hotunan baƙi da madubansu suna kallon sama, ta ce in ta fara aiki za ta kai ni. Na ce mata gwiwoyina ba za su je ba. Fadamarmu yanzu tumatir ce da albasa da ƙarar injin ban-ruwa, yaran unguwar sun san sunan gauraka amma ba su san kukanta ba. Na yi shekaru ina neman wanda zan ji haushi a cikin wannan labari, ban samu ba, har na gaji da neman. Malam ya ba da abin da ya fi so ne, matar ta ƙi karɓar abin da ta fi so, Baba kuma ya biya. Har yau in na farka da asuba, sai na ɗan saurara kafin in tashi.